Riga da Dalma: Nazarin Daidaita Nauyin Mai Nutso Idan Ya Sauya Rigar Ruwa

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin wata matsala da ke fuskantar masu nutso da tukunyar iska, wato yawan dalmar da ya kamata su ɗaura idan suka sauya rigar ruwa daga wani nau'i zuwa wani. An bi dokokin kimiyya guda biyu, ta Arkimidis da ta Boyle, aka lissafa abin da ke samun rigar roba tun daga saman ruwa har zuwa zurfin mita 30, sannan aka dubi yadda aikin matan tsibirin Jeju ya sauya bayan sun bar tufafin auduga sun koma na roba. Nazarin ya nuna cewa dalma tana daidaita mai nutso a zurfi guda ne kawai, kuma gwargwadon kaurin riga gwargwadon faɗin tazarar da za ta rage masa ya cike da dabararsa. An kuma gwada wasu kalmomin Hausa a kan wannan fanni domin a ga iyakar abin da za su iya ɗauka.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon su a kogin Matan Fada na Argungu ya ga masunta suna kifa ciki a kan manyan goruna, ruwa na ɗauke da su, hannuwansu na aiki da homa. Masuncin bai karanta lissafin kowa ba, amma ya san goran da zai ɗauke shi da wanda ba zai ɗauke shi ba, ya kuma san cewa goran da ya ɗauke shi da safe zai ɗauke shi da yamma, domin girmansa ba ya raguwa. Mai nutson zamani kuwa, wanda ke shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a bayansa, yana da irin wannan gora, sai dai nasa a jikinsa aka ɗinka shi, kuma yana tsukewa idan aka yi ƙasa, ya kumbura idan aka yo sama. Wannan gora shi ne rigar robar da ke kare shi daga sanyi.

Saboda rigar tana ɗaga shi sama, dole ne ya ɗaura dalma kafin ya iya nutsewa. Tambayar da ke biyo baya tana kama da ta wasa: kilo nawa? Amma rai ne a kanta. Wanda ya cika dalma yana iya zarcewa ƙasa fiye da yadda ya yi niyya, ko ya kasa tsayawa a saman ruwa idan ya gaji. Wanda ya rage ta fiye da ƙima yana iya tasowa da gudu a ƙarshen nutso, alhali jininsa na cike da iskar naitirojin da ke buƙatar lokaci kafin ta fita. Yawancin masu nutso sukan gano adadin da ya dace da su a riga guda, su riƙe shi kamar lambar takalmi. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka sauya riga.

2.0 Kalmomin Aiki

Hausa tana da wadatar kalmomin shiga ruwa: iyo, ninƙaya, nutso, kurme. Inda take buƙatar ƙari shi ne wajen bayyana dalilin da ya sa abu ke tasowa ko nutsewa. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi irin wannan hidima, amma ƙananan rassan kimiyya irin wannan sai mai rubutu ya ƙera abin aikinsa da kansa.

A wannan muƙala, gurbi shi ne filin da abu ya mamaye a cikin ruwa, wato yawan ruwan da ya ture ya zauna a wurinsa, ana kuma auna shi da lita. Tallafin ruwa shi ne ƙarfin da ruwa ke tura abu sama da shi. An zaɓi wannan kalma ce saboda tallafa a Hausa riƙewa ce daga ƙasa, kamar yadda uwa ke tallafar kan jariri, kuma daidai wannan ruwa ke yi. Idan tallafi ya rinjayi nauyi an sami tasowa, idan nauyi ya rinjaya an sami nutsewa, idan suka yi kunnen doki an sami shawagi, wato tsayawa a tsakiyar ruwa ba sama ba ƙasa. An aro kalmar daga shawagin shirwa a sararin sama. Rigar da ake hura wa iska domin ƙara tallafi an kira ta falmaran mai iska saboda siffarta, abin ɗaura dalma kuwa ɗamarar dalma.

Akwai kalma guda da ke buƙatar taka-tsantsan, wato nauyi. Mai nutso yakan ce ya ƙara nauyi da ya kai ƙasa, kuma a Hausa maganar ba ta da aibi. A kimiyyance kuwa ko giram guda bai ƙaru a jikinsa ba. Gurbinsa ne ya ragu, tallafi ya ja baya. Wanda bai rarrabe waɗannan biyu ba zai riƙa neman maganin matsalarsa a wurin dalma, alhali tana wurin riga.

3.0 Dalilin Ɗaura Dalma

Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne ya fara bayyana cewa tallafin da ruwa ke ba abu daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita guda ta ruwan daɗi tana da nauyin kilo 1, ta ruwan teku kuwa kimanin kilo 1.025. Jikin ɗan Adam yana dab da shawagi tun asali, domin kitse ya fi ruwa sauƙi, tsoka da ƙashi sun fi shi nauyi, huhu kuma yana ƙara gurbi ko ya rage shi da kowane numfashi.

Da sanyi bai zama matsala ba, da dalma kaɗan ta isa. Amma ruwa yana jan zafin jiki fiye da yadda iska ke yi har ninki 25 ko kusa da haka, ta yadda ko a ruwa mai ɗumi mutum yakan fara rawar ɗari idan ya daɗe. Maganin da aka samu shi ne robar niyofirin, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. A farkon shekarun 1950, wani masanin kimiyyar fizis na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Hugh Bradner, ya nuna cewa ba lallai ne a hana ruwa taɓa jiki ba, matuƙar an lulluɓe jikin da niyofirin mai kumfa. Wannan roba cike take da ƙananan ɗakunan iska rufaffu, kamar saƙar zuma, kuma iskar da ke cikinsu ita ce ke tare zafi. Ana yawan cewa ɗan ruwan da ya shiga tsakanin riga da fata shi ne ke ɗumama mutum. Gaskiyar ita ce jiki ne ke ɗumama wannan ruwa, iskar da ke cikin robar kuma ta hana zafin tserewa. Ke nan abin da ke kawo ɗumi shi ne dai ke kawo tasowa, ba kuwa yadda za a sami ɗaya a bar ɗaya.

Domin a ga girman abin, a ɗauka riga ta lulluɓe fili mai faɗin murabba'in mita 1.5 na jiki. Waɗannan alƙaluma na misali ne, domin riguna sun bambanta a ɗinki da nau'in roba. Idan kaurinta milimita 3 ne, gurbinta lita 4.5 ne, za ta ture ruwan teku na kilo 4.6, idan aka cire nauyinta na kanta, a ce kilo 1.5, za a sami rarar tallafi na kusan kilo 3. Idan kaurin milimita 7 ne, gurbin ya kai lita 10.5, ruwan da aka ture kilo 10.8, a cire nauyin riga kilo 3, saura kilo 7.8. Bambancin rigunan biyu ya kai kilo 4.7. Ita ma dalma ruwa yana tallafar ta: lita guda tata tana da nauyin kilo 11.3, don haka kilo guda na dalma yana jan mutum ƙasa da ƙarfin kimanin kilo 0.91 ne kawai. Wanda ya bar riga mai milimita 3 ya koma mai milimita 7 yana buƙatar ƙarin dalma wajen kilo 5.

4.0 Abin da Zurfi ke Yi wa Riga

Da lissafin ya tsaya a nan, da ba a buƙatar muƙala. Abin da ya dagula shi shi ne dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662, cewa idan matsi ya ninka, gurbin iska yakan koma rabi. A saman ruwa matsin sararin samaniya bar 1 ne, kuma kowane mita 10 na ruwan teku yana ƙara bar 1. A mita 10 matsi ya zama bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iskar da ke cikin robar riga tana bin wannan doka, dalma kuwa ba ruwanta da ita.

A koma ga riga mai milimita 7. Daga cikin lita 10.5 na gurbinta, a ce lita 2.5 roba ce da yadi, lita 8 iska. A mita 10 iskar za ta koma lita 4, a mita 20 lita 2.7, a mita 30 lita 2. Wato tsakanin saman ruwa da mita 30 rigar ta yi asarar tallafi na kusan kilo 6, yayin da dalmar da aka ɗaura domin danne wannan tallafi take nan yadda take. A zahiri bangon ƙananan ɗakunan yana ɗan turjewa, don haka asarar ba ta kai wannan adadi cif-cif ba, amma tsarin bai sauya ba. Riga mai milimita 3, wadda iskarta ba ta wuce lita 3.3 ba, asararta a wannan zurfi kilo 2.5 ce kacal. Abin lura na biyu shi ne mafi yawan sauyin yana faruwa ne a mita 10 na farko: lita 4 a can, lita 1.3 a mita 10 na biyu, lita 0.7 a na uku. Wurin da sabon shiga yake ganin ya fi aminci, wato kusa da sama, shi ne wurin da riƙe kai ya fi wuya.

Tukunyar iska ma tana da nata sauyi, amma na lokaci ne. Lita guda ta iska tana da nauyin kimanin giram 1.2. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400, wato kusan kilo 2.9 na iska. Idan mai nutso ya shaƙe ta zuwa bar 50, wanda shi ne abin da aka saba ragewa domin ko-ta-kwana, ya zubar da kilo 2.2 daga nauyinsa ba tare da gurbin tukunyar ya ragu ba. Saboda haka yana farawa da nauyi, yana ƙarewa da sauƙi.

Idan aka haɗa biyun, mai riga milimita 7 da aka daidaita shi a saman ruwa da tukunya kusan fanko zai sami kansa a mita 30, a farkon nutso, da rinjayen nauyi na kimanin kilo 8. A zamanin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙa ta zamani a 1943, ba abin da mai nutso zai yi da irin wannan rinjaye sai bugun ƙafa. Rigar hura iska ta kamfanin Fenzy na Faransa, wadda ta fito a 1961, da falmaran da suka biyo bayanta, su ne suka ba da mafita: a hura lita 8 na iska a cike giɓin. Sai dai ita ma wannan iska tana bin dokar Boyle. Idan mutumin ya taso daga mita 30 zuwa 20, lita 8 za su zama 10.7, riga kuma ta ƙara lita 0.7, sai ya sami ƙarin tallafi na kilo 3.4 a tafiyar mita 10. Idan bai saki iska a kan kari ba, tasowa za ta ƙara kumburi, kumburi ya ƙara tasowa. Mai riga milimita 3 a irin wannan tafiya ƙarinsa bai kai kilo 2 ba, kuma irin wannan yana iya danne shi da fitar da numfashi kafin hannunsa ya kai ga maɓallin sakin iska.

A nan ne illar rarar dalma take fitowa fili. Kowane kilo da ya wuce buƙata sai an biya shi da kusan lita guda ta iska a falmaran, wadda za ta riƙa kumbura da tsukewa a duk motsi. Mai rarar kilo 3 yana ɗauke da lita 2.7 na iskar da ba ta da wani aiki sai ɗaukar dalmar banza, kuma daga mita 10 zuwa sama za ta zama lita 5.4. Wasu masu koyarwa sukan cika wa ɗalibai dalma domin su durƙusa a ƙasan kududdufin koyo ba tare da motsi ba. Wannan sauƙi ne ga malami a ranar, amma ɗalibin yakan fita da adadin da ba nasa ba, ya kuma ci gaba da ɗora ƙari a kansa duk lokacin da ya sauya riga.

5.0 Nau'o'in Sauyi

Makarantun nutso suna da jadawalin ƙiyasi da ake farawa da shi a ruwan teku: kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki ga riga mai milimita 3, kashi 10 ga mai milimita 5, kashi 10 da ƙarin kilo 1.5 zuwa 3 ga mai milimita 7 da hula da takalma. Ga mutum mai kilo 75 wannan na nufin tashi daga wajen kilo 4 zuwa kilo 9 ko 10, abin da ya yi kusa da lissafin da aka yi a sama. Rauninsa shi ne ya rataya komai a kan nauyin jiki. Mutum biyu masu kilo 75, ɗaya mai ƙiba ɗaya mai tsoka, buƙatarsu ba ɗaya ba ce tun kafin su sa riga, tallafin rigar kuma faɗin jiki yake bi. Jadawalin wurin farawa ne, ba hukunci ba.

Lambar kauri ita kaɗai tana iya yaudara. Gajeriyar riga da ta tsaya a gwiwa da gwiwar hannu ba ta kai doguwa mai irin kaurinta tallafi ba. Riga mai ɓangare biyu, wando mai kai wa ƙirji da taguwa a kansa, tana ninka roba a gangar jiki, ta yadda milimita 7 ya zama 14 a ƙirji da ciki. Hula da safar hannu da takalma duk roba ce. Wasu rigunan na zamani an yi su da roba mai laushi domin sauƙin sawa, irin wannan kuwa ta fi saurin tsukewa a zurfi. Tsufa ma sauyin riga ne: matsi bayan matsi yana karya ɗakunan iska, rigar ta sirance, ɗuminta da tallafinta su ragu tare. Wanda ya sayi sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwarsa yakan tarar tsohon adadin dalmarsa ya gaza.

Sauyin da ya fi haɗari shi ne wanda aka fi rainawa, wato komawa daga mai kauri zuwa marar kauri. Wanda ya ƙara kauri ya manta ƙara dalma zai gane nan take, domin ba zai nutse ba. Wanda ya rage kauri ya bar dalmar yadda take kuwa ba abin da zai gargaɗe shi. Mai nutso da ya saba da ruwan sanyi na gaɓar Ingila, ya tafi hutu Bahar Maliya ya sa riga mai milimita 3 da tsohuwar ɗamararsa, ya shiga ruwa da rarar kilogiram da yawa. Idan aka yi rashin sa'a falmaran ba ta da iska, ko an manta buɗe bakin tukunya, zai yi ƙasa kamar dutse.

Riga mai hana ruwa shiga gaba ɗaya tana da nata tsari. Ɗuminta daga iskar da ke cikin tufafin da aka sa a ƙarƙashinta yake, kuma ana ƙara mata iska daga tukunya yayin da ake yin ƙasa, saboda haka gurbinta yana kusan zama ɗaya a kowane zurfi, musamman wadda aka yi da yadi marar kumfa. Tana cin dalma da yawa, amma ba ta da babbar asarar da rigar niyofirin ke yi. A irin wannan riga, sauya tufafin ciki daga masu sauƙi zuwa masu kauri shi ne sauyin riga na ainihi. Haɗarinta daban ne: iska tana yawo a cikinta, idan ta taru a ƙafafu sai ta juya mutum ƙafa sama, nesa da ƙofar sakin iska da ke kafaɗa.

Sau da yawa sauyin riga yana zuwa tare da sauyin wuri, sai a ɗora wa riga laifin da ba nata ba. Daga teku zuwa ruwan daɗi tallafi yana raguwa da kashi 2.5 cikin ɗari na nauyin mutum da dukkan kayansa, wato kimanin kilo 2.5 ga jimillar kilo 100. Wanda ya sami horo a tekun Legas aka kira shi aiki a tafkin Kainji ko madatsar Tiga sai ya cire wannan adadi ko da rigarsa ba ta sauya ba. Bahar Maliya kuwa ta fi yawancin tekuna gishiri, tana neman ɗan ƙari. Haka kuma tukunyar alminiyom mai lita 11, wadda aka fi bayarwa haya a wuraren yawon buɗe ido, tana komawa mai tasowa da kusan kilo 2 idan ta kusa ƙarewa, alhali yawancin tukwanen baƙin ƙarfe ba sa yin haka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an lissafa shi daban.

6.0 Matan Jeju

Babu al'ummar da ta nuna wannan sauyi a fili kamar matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, waɗanda ake kira haenyeo. Suna kurme har zurfin mita 10 ba tare da tukunyar iska ba, suna tsintar dodon koɗi da sauran albarkatun teku. Hukumar UNESCO ta sanya al'adarsu cikin jerin gadon ɗan Adam a 2016, a shekara guda da bikin kamun kifi na Argungu, kuma abin sha'awa shi ne abin da suke hutawa a kansa a saman ruwa, wanda suke kira tewak, da gora ake yin sa a da, kafin a koma na roba mai kumfa.

Har zuwa shekarun 1970 tufafin auduga suke sawa, waɗanda ba sa tare sanyi kuma ba sa ƙara tallafi. Masana aikin jiki, irin su Suk Ki Hong da Hermann Rahn, sun yi nazarin juriyarsu ga sanyi a shekarun 1960. Da rigar roba ta zo, lokacin aiki ya tashi daga ɗan taƙaitaccen zama a cikin hunturu zuwa sa'o'i da dama, amma sai ga wani kaya da iyayensu mata ba su sani ba ya zama tilas, wato ɗamarar dalma.

Darasin da ke cikin aikinsu shi ne mai kurme ba ta da falmaran da za ta cike giɓi. Riga na tsukewa, huhu na tsukewa, saboda haka akwai zurfi guda da za ta yi shawagi. Sama da shi ruwa na tura ta sama, ƙasa da shi tana nutsewa da kanta. Yawan dalma shi ke zaɓar wannan zurfi. Dalma mai yawa tana sauƙaƙa sauka da zama a ƙasa ana aiki, amma tana tsananta dawowa a daidai lokacin da numfashi ya ƙare. Shi ya sa masu koyar da kurme na wasanni suke daidaita ɗalibai su yi shawagi a wajen mita 10, domin suma ta fi faruwa kusa da sama, kuma ana so idan ta faru ruwa ya miƙo mutum, kada ya haɗiye shi.

7.0 Gwaji da Rabon Dalma

Mai tukunyar iska shi ma zurfi guda yake zaɓa, kuma wanda ya fi dacewa shi ne mita 5 a ƙarshen nutso. A nan ake yin tsayuwar minti 3 domin rage naitirojin kafin fita, a nan ne kuma riga ta kusa cika kumburi, tukunya ta kusa zama fanko. Adadin da ya dace shi ne mafi ƙarancin dalmar da za ta ba shi damar shawagi a wurin, da bar 50 a tukunya, falmaran babu iska, yana numfashi yadda ya saba. Ga mai riga mai kauri akwai ƙarin sharaɗi, domin daga mita 5 zuwa sama rigar milimita 7 tana iya ƙara tallafi fiye da kilo 2; ya kamata ya tabbatar zai iya hawa wannan ragowar a hankali, ko da hakan na nufin ƙarin rabin kilo ko kilo guda.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, akwai gwajin da ake yi kafin a yi nisa. A shiga ruwan da ya fi tsayin mutum da cikakken kaya, a bar ruwa ya ratsa cikin riga ya kori iskar da ta maƙale a yadi, a zubar da iskar falmaran duka, a daina motsa ƙafa. Da numfashi na al'ada a ƙirji ruwa zai tsaya a daidai ido, idan aka fitar da numfashi a fara nutsewa sannu a hankali. Idan tukunyar cike take, a ƙara kimanin kilo 2 a madadin iskar da za a shaƙe. Akwai kuma hanyar da ta fi kai tsaye ga mai sauya riga: a sa rigar ita kaɗai a jakar raga, a jiƙa ta sosai, a riƙa ƙara dalma har ta fara nutsewa, a yi wa ɗaya rigar haka a ruwa guda. Bambancin adadin biyu shi ne abin da za a ƙara ko a rage.

Bayan yawa, sai wurin ɗaurawa. Riga mai kauri tana ɗaga ƙafafu ko ƙirji gwargwadon inda roba ta fi yawa, kuma kilo 9 da aka tara a ƙugu yakan sa ƙafafu su yi ƙasa, mutum ya riƙa tafiya a karkace yana ƙona iska yana tayar da laka. Akan gyara wannan da matsar da wani kaso zuwa aljihunan da ke jikin maɗaurin tukunya. Ana kuma duba abin da za a iya yarwa cikin gaggawa. A saman ruwa, yar da dalma yana ceton rai, kuma wajibi ne hannu guda ya iya kwance ta. A mita 30 kuwa, mai riga milimita 7 da ya saki kilo 9 gaba ɗaya ba shi da abin da zai tsayar da shi idan riga ta fara kumbura, alhali saurin tasowa da yawancin na'urorin nutso ke yarda da shi bai wuce mita 9 zuwa 10 a minti ba. Shi ya sa ake raba dalmar kashi-kashi, ta yadda sakin aljihu guda zai isa a fara tasowa. Sai kuma a duba lambar ƙarfin ɗagawa da ke rubuce a jikin falmaran: wadda aka saya domin riga mai milimita 3 a ruwan ɗumi tana iya gaza ɗaukar asarar riga mai kauri da cikakkiyar tukunya a zurfi, kuma wannan sai a tabbatar da shi tun a kan tudu.